Na wanke eyaburosh na mayar, yanzu kumfa yake yi a kofi, fenti ya ƙi fita

Sadiq_Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Taimako nake nema. Eyaburosh gare ni, wato 'yar bindigar fesa fenti da iska, mai kofi a sama, allura 0.3 na milimita, irin wanda in ka danna kunama iska ta fito, in ka ja ta baya fenti ya biyo. Da shi nake zanen riguna da huluna. Da na gama wani aiki da farin fenti sai na kwance shi gaba ɗaya na wanke, har nozul ɗin, wato ɗan bakin da fenti ke fita ta cikinsa, na cire da 'yar sifanar da ta zo a kwalinsa. Na mayar da komai inda na ciro shi. To yanzu da na danna iska na fita, amma fentin da ke cikin kofi sai ya riƙa tafasa da kumfa, ta gaba kuma ba abin da ke fitowa sai ɗan tsartuwa jefi-jefi. Kafin wankin nan lafiya lau yake aiki. Kwamfuresa, injin da ke ba shi iska, tana kan 25 psi a ma'aunin ƙarfin iska. Rigunan 'yan makaranta ne a hannuna, ranar Asabar zan miƙa. Me ya lalace?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Duba hular da ke rufe nozul, ƙila ba ta ɗauru ba. Murɗa ta da hannu har ta tsaya, sai ka gwada.

Hajiya_MaiKek:
Ƙanena, buɗe marfin baya ka duba ɗan notin da ke riƙe allura. In bai ɗauru ba, kunama za ta yi ta zuwa baya ita kaɗai, allura na nan zaune ta toshe baki. Da yawa daga yaran da nake koya wa adon kek nan suke maƙalewa bayan wanki.

Kawu_Fenti:
Hajiya, maganarki gaskiya ce amma ba ita ce cutar wannan ba. In notin allura ne ya saki, fenti ba zai fita ba, haka ne, sai dai kofi zai zauna shiru. Shi kuwa ya ce tafasa yake yi. Kumfa a kofi magana ɗaya take faɗa: iska ta shiga hanyar fenti.

Sadiq, bari in yi maka bayanin yadda abin yake, don in ka gane shi ba za ka sake tambayar kowa ba. Hanya biyu ce a cikin bindigar nan kuma ba sa haɗuwa sai a waje. Fenti na saukowa daga kofi ya bi gefen allura ya shiga cikin nozul. Iska kuma tana tasowa daga bawul na ƙasa, wato makullin iska, ta zagaye nozul ta waje, ta matse ta fita ta ɗan siririn gibin da ke tsakanin bakin nozul da ramin hularsa. Gudun da take yi a wurin shi ke zuƙo fentin. Ka ga ke nan abin da ya raba iska da fenti shi ne gindin nozul, inda ya zauna a jikin bindiga. In wurin nan bai like ba, ko nozul ya tsage, ko hula ta yi sako-sako, ko busasshen fenti ya toshe gaba, iska za ta nemi hanya mai sauƙi, ta koma baya ta ɓullo a kofi.

Zubar da fentin, zuba ruwa zalla, kada ka ɓata kayanka wajen gwaji. Ka yi abin da Baban Khalifa ya ce tukuna, sannan ka faɗa mana da me ka wanke shi, kuma jiƙa shi ka yi ko gogewa.

Sadiq_Zane:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, allura na motsi, ina ganinta tana ja da baya ta cikin kofi. Hula ma na murɗa ta tsaya. Da ruwa ma kumfar yake yi. Kawu, a tina, ruwan sirka fenti, na jiƙa nozul da hularsa da hular kare tsinin allura suka kwana, saboda farin fentin ya daskare. Na tuna akwai wani ɗan mitsitsin zobe na roba a gindin nozul ɗin, da safe na same shi ya kumbura ya yi laushi, da na zo mayarwa sai ya tsinke. Na ɗauka ba shi da wani amfani sosai.

Kawu_Fenti:
To ga ɓarawonka nan. Zoben nan shi ne ƙofar da ke tsakanin iska da fenti. Tina da asiton suna cin roba, ta kumbura ta ruɓe. Farin zobe mai tauri na Teflon shi ne ba ruwansa da su.

Wanzamin_Zamani:
Oga sa sifana ka ɗaure nozul ɗin tamau kawai, zai like ko ba roba. Ni nawa na gyaran gemu haka nake masa.

Kawu_Fenti:
A'a! Sadiq, don Allah kada ka yi haka. Wanzami, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar tana kashe bindiga. Haƙoran nozul mai murɗi sirara ne ƙwarai, ƙarfen kuma ba shi da kauri. In ka matsa masa sai kan ya ɓalle ya bar gindin a cikin rami, daga nan sai ka nemi mai ciro shi, in an yi rashin sa'a haƙoran jikin bindigar ma su tafi. Da yatsu ake fara murɗa shi har ya zauna, sifana kuma ɗan taɓawa kawai take yi a ƙarshe, da ka ji ya tsaya ka saki.

Abin da za ka yi yanzu: nemi kakin zuma. Ka ɗan murza shi a yatsa ya yi laushi, ka shafa kaɗan a kan haƙoran nozul kawai, kada ya kai ramin. Ka shafa wani a haƙoran hular. Kakin zai cike gibin da robar ta bari. Kafin ka murɗa nozul ka tabbata ka ja allura baya ko ka cire ta ɗungurungum.

Ummu_Sultan:
In ba ka samu kakin zuma ba, man leɓe irin mai sanda yana yi, shi ma da kaki a cikinsa. Sai dai ba ya daɗewa, duk wanki sai ka sake.

Baban_Khalifa:
Farin tef na masu gyaran famfo fa? Ni shi nake naɗawa a mahaɗar tiyo kuma iska ba ta tsiyaya.

Injiniya_Habu:
Baban Khalifa, a mahaɗar tiyo da kwamfuresa tef ɗin daidai ne, haƙoran can manya ne, yawanci 1/8 na inci. A nozul kam ban ba da shawara ba. Kaurinsa na iya karkatar da nozul ya daina zama a tsakiyar ramin hula, kuma zarensa na tsinkewa ya shige ciki ya toshe. Ramin da faɗinsa 0.3 na milimita ba ya buƙatar babban abu kafin ya rufe.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna inda iska ke zuba. A kaɗa ruwan sabulu, a ɗiga a mahaɗar hula da jikin bindiga, a danna kunama. Duk inda ya yi kumfa nan ne. In waje bai yi ba amma kofi na yi, to matsalar a ciki take, gindin nozul ko tsaga.

DanMaradi_Pentir:
Sannunku da aiki. Mu nan da bar muke ƙirga, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne, to 25 ɗin Malam Sadiq ya kai bar 1.7, ya isa ma fentin riga in an sirka shi daidai. Ƙarfin iska ba shi da laifi a nan.

Ni abin da nake so in ƙara shi ne tsarin mayarwa, don galibin ɓarna wajen mayarwa ake yin ta, ba wajen wanki ba. Ga yadda maigidana ya koya mani. Kunama ce farko, a zaunar da ita bisa kan bawul, tsagar jikinta ta kalli gaba da baya don allura ta samu wucewa. Sai ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke jingine a bayanta, sai bututun da ke riƙe allura da sifirin ɗinsa da abin da ke danne sifirin. A gwada kunama, in an ja ta baya an saki ta koma gaba da kanta. Daga nan a dawo gaba a sa nozul, a sa hularsa. Allura ita ce kusan ƙarshe. A ɗan danna kunama ƙasa, a tura allurar a hankali daga baya har a ji ta taɓa cikin nozul, a tsaya nan, kada a ƙara mata ƙarfi, sai a ɗaure notinta. Hular kare tsini da marfin baya su ne na rufewa.

Wanda ya sa allura tukuna ya ɗaure ta gaba sosai, sannan ya zo yana murɗa nozul a kanta, to allurar ce za ta buɗe bakin nozul ɗin ko ta tsaga shi.

Anti_Kwalliya:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar. Ni na kwalliyar amare nake amfani da shi. Da na zare allura sai kunamar ta faɗo, ɗan ƙarfen nan ma ya biyo ta, yanzu na rasa ta ina yake fuskanta. Na sa shi amma kunamar ta yi tauri, ba ta ja baya.

DanMaradi_Pentir:
Anti, allura ce ke riƙe kunama a wurinta, shi ya sa da kin zare ta kika kifa bindigar sai ta faɗo. Ba lalacewa ba ce. Ɗan ƙarfen nan, doron lanƙwasarsa shi ke jingina da bayan kunama, kansa kuma ya leƙo ta tsagar sama. In kin juya shi baibai kunama za ta cije. Ki sa hantsaki, ki yi a wurin haske, ki shimfiɗa farin tawul a ƙasa don in ya kuɓuce kada ya ɓata. A wasu bindigogin a haɗe yake da bututun allura, ba ya faɗuwa, sai dai ki karkata shi ya shige.

Anti_Kwalliya:
Ya shiga! Baibai na sa shi ashe. Allah ya biya ka Malam.

Hajiya_MaiKek:
Ni fa tambayata ita ce, me ya sa kuke kwance shi gaba ɗaya tun farko? Ni in na gama, na zubar da kalar da ta rage, na zuba ruwan ɗumi na fesa har ya fito fes, na toshe baki da yatsa na ja kunama ruwan ya yi kumfa ya wanko ciki, na zubar, na zare allura na goge na mayar. Shi ke nan. Nozul kam sai in ya toshe nake taɓa shi.

Musa_Rigima_Art:
Hajiya, kalar kek ai ruwa ce, ko ta bushe ruwa na narkar da ita. Fentin riga in ya bushe roba yake zama, ruwa ba ya masa komai. Farin ma ya fi kowanne, garinsa ya fi nauyi, shi ke fara toshe baki. Ni duk ranar da na yi aiki da fari sai na kwance gaba na wanke, in ba haka ba gobe sai na tarar da allura ta manne.

Kawu_Fenti:
Musa, ni a nan bayan Hajiya nake, ko da fentin riga ne. Abin da ke sa fenti ya daskare a ciki shi ne barinsa, ba rashin kwancewa ba. In ka wanke tun yana ɗanye, tsakanin kala da kala da kuma ƙarshen aiki, ba ya samun damar kamawa. Nozul mai murɗi duk cirewa da mayarwa rage masa kwana ne, haƙori na ci, roba na gajiya, ga haɗarin faɗuwa ƙasa. Na ga bindigogin da wanki ya kashe sun fi waɗanda datti ya kashe yawa.

Amma ya danganta da ƙirar. Iwata Eclipse nozul ɗinsa ba murɗi gare shi ba, babba ne, zura shi ake yi hula ta danne shi ya daidaita kansa a tsakiya. Na Harder & Steenbeck na Jamus ma haka, zurawa ake yi, da zoben Teflon a gindi, ba ka buƙatar sifana. Irin waɗannan cire su kullum ba wani abu ba ne. Shi kuwa na Sadiq mai 'yar sifana ne, ƙirar da a bar ta a zaune ta fi.

Musa_Rigima_Art:
Kawu, na ji, amma mai aikin kasuwa ba kullum yake da sararin wankewa nan take ba. Ana kiran salla, ko wuta ta ɗauke, ko mai kaya ya tsare ka da ciniki, ka dawo ka tarar ya kama. Ni dai ban bar kwancewa ba, sai dai ina yi a hankali.

Ummu_Sultan:
In za ka tashi na ɗan lokaci, ka zubar da fentin ka bar ruwa a kofi mana. Minti ɗaya bai kai ba.

Injiniya_Habu:
Tunda an zo kan allura, ta wace hanya kuke zare ta? Ni in na riga na cire nozul, ta gaba nake turo ta. Dalili, a cikin jikin bindiga bayan kofi akwai wani zobe da allura ke ratsawa, shi ke hana fenti komawa wajen kunama. In ka jawo allura mai fenti ta baya, ka kwaso dattin ka shafe zoben da shi, ka kai saura ɗakin kunama. A hankali kunama ta fara danƙo.

DanMaradi_Pentir:
Injiniya, haka ne in nozul a cire yake. Amma kada mutum ya cire nozul don kawai ya zare allura ta gaba, an koma maganar Kawu ke nan. In ka ɗauraye kofi sosai kafin ka ja ta baya, abin da za ta kwaso kaɗan ne. Mayarwa kuma, masu turawa ta gaba da gindinta suna yi ne don kada tsini ya yi karo da wani abu a ciki. Kowanne da amfaninsa.

Wanzamin_Zamani:
To ni kunamar tawa in na danna ba ta tasowa da wuri, iska ta yi ta fita. Na ɗiga mata man keken ɗinki, ta yi sauƙi kwana biyu ta koma.

Injiniya_Habu:
Wanzami, ka taɓa tsoma bindigar gaba ɗaya a sifirit ko tina? In ka yi, ruwan ya gangara cikin bawul ɗin iska ya kumbura robar da ke ciki, ko kuma rinin gemu ya bi ta baya ya sauka can ya bushe. Kwance bawul ɗin daga ƙasa, ka kula da ɗan sifirin da ke ciki don tsalle yake yi, ka goge sandar, ka bar robar ta sha iska ta bushe, sau da yawa tana komawa daidai. Man keke da WD-40 ka daina. Suna lalata wasu robobin, kuma in mai ya bi iska ya fita, fenti ba ya kama wurin da ya sauka, sai ka ga 'yan ramuka a aikin. Kai da kake fesawa a fuskar mutane ma ya fi zama dole ka kiyaye. Akwai man da aka yi don wannan, irin Super Lube na Iwata ko Regdab na Badger. In babu, ɗigon gilisarin na kemis a yatsa, a shafa wa allura da sandar kunama, ya wadatar.

Kuma a guji ruwan goge gilashi mai amoniya, in ana barinsa a ciki yana cin tagulla da farin rufin da ke cikin kofi.

Zongo_Boy_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni matsalata ba kumfa ba ce, ina cikin fesawa sai ya tofo ruwa a kan aiki. Na wanke har na gaji.

Baban_Khalifa:
Ɗan uwa wannan ba daga bindiga ba ne, daga kwamfuresa ne. Garinku da laima. Iska in an matse ta ta yi zafi, da ta huce a tiyo sai ruwan cikinta ya taru. Duba ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin geji, wato agogon awon iska, danna ƙasansa ruwan ya fita. In mai tanki ce, akwai noti a gindin tankin, sauke iskar ka kwance shi ka tsiyaye. Ka ƙara da ƙaramin matarin ruwa da ake ɗaurawa a gindin bindigar kanta. Mu nan sai damina muke ganin haka. Da hunturu kuma akasin haka ne, fenti ke bushewa a tsinin allura tun bai fita ba, sai ka riƙa tsayawa kana gogewa da auduga mai ɗan jiƙe.

Sadiq_Zane:
Na dawo. Na samo kakin zuma wurin masu sayar da zuma, na yi yadda Kawu ya ce, na bi tsarin Malam na Maradi. Alhamdu lillahi kumfar ta ragu sosai, saura 'yan ƙanana jefi-jefi, ruwa kuma yana fita. Amma ga sabuwa: da na danna kunama ƙasa, tun ban ja baya ba, ruwa ya fara fita. Kuma feshin ya karkata gefe ɗaya, ba ya tafiya saiti.

Kawu_Fenti:
Madalla, an ci rabi. Fita ba tare da ja ba yana nufin allura ba ta rufe bakin nozul. Abu uku ke kawo shi. Ko ba ka tura ta ta zauna ba kafin ka ɗaure noti, ko akwai busasshen fenti a cikin nozul da ya tokare ta, ko bakin nozul ɗin ya buɗe ko ya tsage. Saki noti, tura ta a hankali, ɗaure, gwada. In bai daina ba, cire nozul ka jiƙa shi shi kaɗai, yanzu ai ba roba a jikinsa, ka sa tsinken sakace da ka fere ya yi siriri ka juya a ciki a hankali. Kada ka sa allurar ɗinki ko waya.

Karkatar feshi kuma, zare allurar ka kwantar da ita a kan gilashi ka mirgina. In tsinin na rawa, ta lanƙwashe. Ko ka ja ta a kan auduga daga gindi zuwa tsini, in ta kama zare akwai ƙugiya a bakin. Allura mai ƙugiya kada ka jawo ta ta cikin nozul da ƙarfi, tsaga shi take yi.

Gyaran_Waya_FarmCentre:
Malam Sadiq, in a Kano kake, kai nozul ɗin wurin kowane mai gyaran waya da ke da madubin duba bod. Tsagar da ido ba ya gani a nan za ta fito ɓaro-ɓaro. In ba ka da lokaci, kyamarar waya ma ta isa, ka sa allura a ciki, ka haska fitila ta gefe, ka zuƙo hoton.

Sadiq_Zane:
Na duba da kyamara. Allura lafiya take, ba ta rawa a gilashi. Nozul ɗin ne, akwai 'yar tsaga a baki ta gefe ɗaya, kuma allurar ta leƙo waje fiye da yadda na saba gani. Ana iya matse shi ya koma?

Kawu_Fenti:
Ba ya gyaruwa, ɗana. Nozul da ya tsage sai sabo. Shi ne ya kawo ragowar kumfar, shi ne ya karkatar da feshin, shi ne kuma ya hana allura rufewa. In za ka saya, tafi da tsohon da bindigar gaba ɗaya a gwada a gabanka, don 0.3 na wannan kamfani ba lallai haƙorinsa ya hau na wancan ba. Ka sayi nozul da allura tare, lamba ɗaya. In za ka canza lamba zuwa 0.5, to har hular sai ka canza, ramin kowace da girmansa. Ka tambayi 'yan zobban roba ma ka ajiye.

Musa_Rigima_Art:
Ni da kai ne 0.5 zan koma. Aikin riga da farin fenti 0.3 wahala ce kawai, dole ka sirka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madara kafin ya wuce, sannan ba ya rufe baƙar riga sai ka yi ta maimaitawa. Masu riguna da yawa a Amurka da Paasche VL ko Eclipse mai kwalba a ƙasa suke aiki, manyan baki, iska kuma sama da 40 psi. 0.3 ka bar shi don ƙananan layuka.

Injiniya_Habu:
Musa, a duba kwamfuresar tukuna. Ƙananan nan masu tankin lita 3 yawanci a bar 4 suke tsayawa, su tashi a bar 3, kuma da ka danna kunama allurar geji sauka take yi. Babban baki iska mai yawa yake sha. Shi ya sa ake saita geji ana danne da kunama, lambar da ka gani a lokacin ita ce ta gaskiya. Sadiq, 25 ɗin da ka ce, a danne ne ko a sake?

Sadiq_Zane:
A sake ne Injiniya. In na danna tana sauka wajen 20. Na samu wanda zai ara mini tasa bindigar in gama rigunan, gobe kuma zan shiga kasuwa neman nozul. Abin da ban gane ba, tsagar nan wajen wanki ta samu ko dama tana nan?

Wanzamin_Zamani:
Ni ina ganin dama ta fara, wankin ne ya cire busasshen fentin da ya like ta. Sifana ai gindi take kamawa, me ya haɗa ta da baki?

DanMaradi_Pentir:
Zai yiwu, Wanzami. Amma tsagar baki galibi allura ke yin ta, ko an tura ta da ƙarfi, ko an murɗa nozul alhali tana ɗaure a gaba. Malam Sadiq, ranar farko da ka mayar, wanne ka fara sawa?

Hajiya_MaiKek:
Kafin ya amsa, roƙo ɗaya gare ni ga masu kek da ke karantawa. Duk wannan maganar tina da man shafawa ba taku ba ce. Bindigar abinci daban, ba ta taɓa fenti, ba ta taɓa tina, kuma kada ku ari ta mai riguna ko ku ba shi aron taku. Ku kuma masu fenti ku riƙa sa abin rufe hanci, har lokacin da kuke fesa ruwan wanki, ku fesa shi cikin gwangwani mai murfi, ba cikin ɗaki ba.

Sadiq_Zane:
Malam, allura na fara sawa na ɗaure, sannan nozul. Amma ban ji ya yi tauri ba lokacin da nake murɗawa.

Ummu_Sultan:
Ba lallai ka ji ba, bakin siriri ne ƙwarai. Sai dai maganar Wanzami ma ba a jefar da ita ba, tsohon nozul na buɗewa da kansa saboda yawan zaman allura a ciki. Tun yaushe kake aiki da wannan ɗin ba ka canza ba? In ka je kasuwar ka ɗauko mana hoton nozul ɗin da suka ba ka kusa da tsohon kafin ka biya, a ga ko tsawonsu da haƙoransu ɗaya ne. Ka tambaya mini ko suna da na 0.2, nawa ma ya fara fesa gefe.